Ƙasar da muke takawa tafiya take yi: tarihin maganar da aka yi shekara 50 ana yi wa dariya



Duk malamin da ya taɓa rataya taswirar duniya a bangon aji ya san tambayar da ke biyo baya. Ko ba daɗe ko ba jima wani yaro zai ɗaga hannu ya ce: "Mushe, don me kumburin Amurka ta Kudu ya yi kamar zai shige cikin lungun Afirka?" Amsar tana nan cikin darasin SVT na kwaleji, ƙarƙashin babin da ake kira "tectonique des plaques". Layi kaɗan ne: ɓawon duniya a fashe yake gida-gida, kowane gida ana ce masa faranti, farantan nan suna motsi, inda suka haɗu nan ake girgizar ƙasa da aman wuta. Yaro ya kwafa a kaye, ya haddace, ya zuba ranar jarabawa, ya manta.

A ganina asara muke yi. Bayan layukan nan akwai tarihin gardama ta shekara 50 tsakanin manyan masana, kuma wani ɓangare na hujjojin da suka tabbatar da maganar daga cikin rairayin ƙasarmu aka tono shi. In yaro ya san yadda aka kai ga amsar, ya koyi abin da ya fi amsar amfani: yadda ake rarrabe magana mai hujja da magana maras hujja. Shi ya sa na ga ya dace in kawo tarihin nan a taƙaice.

Waɗanda suka fara lura

Tun da Turawa suka fara samun taswirar gaɓar tekun Atlantika mai ɗan inganci, ido ya fara ganin kamannin. A 1596 Abraham Ortelius, mai zanen taswira a birnin Antwerp, ya rubuta cewa kamar an yage Amurka ne daga jikin Turai da Afirka. A 1858 Antonio Snider-Pellegrini ya buga littafi a Paris da taswira biyu, ɗaya nahiyoyin a manne, ɗaya a rabe. Ba wanda ya ɗauki maganar da nauyi, kuma suna da uzuri: kama da wane ba ta wane ba ce.

Masanan ƙarni na 19 suna da nasu bayanin. A wurinsu duniya ta fara ne da zafi, tana hucewa tana tsukewa, fatarta na yamutsewa kamar tumatir da aka shanya a rana, yamutsewar nan ita ce duwatsu. Da suka tarar da ƙasusuwan dabbobi iri ɗaya da burbushin tsirrai iri ɗaya a Afirka da Birazil da Indiya, sai suka ce ai a dā akwai gadojin tudu da suka haɗa nahiyoyin, daga baya suka nutse cikin teku. Eduard Suess na Biyana shi ya yayata sunan Gondwana, daga wani yanki na Indiya, ga babbar ƙasar kudu da ya ce ta taɓa kasancewa. Amma a tunaninsa nahiyoyin suna nan inda suke, tsakiyarsu ce ta rufta.

Mai duban yanayi da ya shiga gonar da ba tasa ba

An haifi Alfred Wegener a Berlin ranar 1 ga Nuwamba 1880. Ilimin taurari ya karanta, daga baya ya koma binciken yanayi da iska. Daga 1906 zuwa 1908 yana cikin ayarin da ya je binciken Girinlan, tsibirin nan na arewa da ƙanƙara ta rufe. Bisa abin da shi kansa ya faɗa, a 1910 ne kamannin gaɓoɓin Atlantika ya ja hankalinsa, amma ya share. A 1911, yana koyarwa a jami'ar Marburg, ya ci karo da wani rubutu da ya jera ƙasusuwan da aka samu iri ɗaya a Birazil da Afirka. Daga nan ya duƙufa. Ranar 6 ga Janairu 1912 ya tsaya gaban taron masana duwatsu a Frankfurt ya ce nahiyoyi tafiya suke yi. Yaƙin duniya na farko ya katse aikin, aka yi masa rauni sau 2 a 1914, yana jinya ya rubuta littafinsa kan asalin nahiyoyi da tekuna, wanda ya fito a 1915. Ya sake gyara shi a 1920 da 1922 da 1929.

Abin da ya bambanta shi da waɗanda suka riga shi shi ne tara hujja daga fannoni dabam-dabam. Misalin da ya bayar ko ɗan aji uku zai gane shi: in ka sami guntayen jarida da aka yaga, haɗuwar bakunansu ba ta isa ba, sai ka ga layukan rubutun sun tsallaka daga wannan guntu zuwa wancan suna karantuwa. To ga layukan da ya karanta.

Na farko, ƙasusuwa. Akwai wata dabba mai rarrafe da ake kira Mesosaurus, tsawonta wajen mita 1, ta rayu kimanin shekara miliyan 280 da suka wuce. Ba a samun ƙasusuwanta sai a kudancin Afirka da kuma Amurka ta Kudu. Dabba ce ta tafkuna da ruwa maras zurfi, ba ta da halin ratsa babban teku. Akwai kuma wani tsiro, Glossopteris, da ake samun shatin ganyensa cikin duwatsun Afirka ta Kudu, Indiya, Ostireliya da Amurka ta Kudu. A shekarar nan ta 1912 ma, ayarin Robert Scott da ya halaka a hanyar dawowa daga ƙuryar kudu an tarar da shi ɗauke da duwatsu masu ganyen tsiron nan daga Antatika.

Na biyu, duwatsu. Jerin duwatsun Cape a Afirka ta Kudu yana ƙarewa a bakin teku, sai ga irinsa ya ɓullo a Ajantina.

Na uku, yanayin dā, fannin da shi da surukinsa Wladimir Köppen suka ƙware a kai. Ƙanƙara in tana malala tana barin karce a jikin dutse. An sami karcen nan, mai shekara wajen miliyan 300, a Indiya da kudancin Afirka da Birazil da Ostireliya, wuraren da yau zafi ne. A can Spitsbergen kuma, kusa da ƙuryar arewa, ga gawayin ƙasa, wanda asalinsa daji ne mai duhu. In aka haɗa nahiyoyin kudu wuri ɗaya kusa da ƙuryar kudu, duk karcen sai ya zama na ƙanƙara guda.

Gadojin da suka nutse kuwa, Wegener ya ce ba zai yiwu ba. Dutsen nahiya, irin farin dutsen nan mai ƙyalli da ya yi wa birnin Damagaram ƙawanya, ya fi baƙin dutsen ƙarƙashin teku rashin nauyi. Abu maras nauyi ba ya nutsewa cikin mai nauyi ya ɓace. Ƙarshen maganarsa: duk nahiyoyin sun taɓa zama dunƙule guda, wanda aka san shi da suna Pangaea, wato "dukan ƙasa" da Girkanci, sannan ya tsage, guntayen suka rabu.

Don me aka ƙi maganarsa

Da aka fassara littafin zuwa Ingilishi da Faransanci a 1924, sai gardama ta kaure. A 1926 ƙungiyar masana duwatsun man fetur ta Amurka ta yi taro a New York kan batun, mafi yawan waɗanda suka yi magana suka yi fatali da shi. Akwai son zuciya a ciki, ba shakka. Mutumin mai duban yanayi ne ya zo yana gaya wa masana duwatsu cewa ginin da suka yi shekaru suna yi a kan yashi yake, ga shi Bajamushe ƴan shekaru bayan yaƙi.

Amma zalunci ne a ce duk abin hassada ce. Masu sukarsa sun yi masa tambayar da bai iya amsawa ba: wane ƙarfi ne ke tura nahiya? Wegener ya kawo biyu, juyawar duniya da ke tura nahiyoyi daga ƙuryoyi zuwa tsakiya, da kuma jan wata da rana. Harold Jeffreys na jami'ar Cambridge ya zauna ya yi lissafi, ya nuna ƙarfin nan ya yi kaɗan ƙwarai da gaske. Ya kuma ce nahiya ba za ta iya keta ƙasan teku kamar jirgin ruwa ba, domin ƙasan tekun dutse ne mai tauri, nahiyar ce za ta farfashe. A duka biyun Jeffreys ne ke da gaskiya. Har wa yau Wegener ya dogara da wasu tsofaffin awo marasa inganci ya ce Girinlan na nisantar Turai da mitoci da yawa kowace shekara, alhali abin bai wuce ƴan santimita ba.

Ke nan kowane ɓangare yana riƙe da rabin gaskiya. Shi ya ga abin da ya faru, bai san yadda ya faru ba. Su sun ga ramin da ke cikin bayaninsa, sai suka zubar da hujjojin gaba ɗaya. Nan ne kuskurensu: rashin sanin dalilin abu ba ya kore aukuwarsa. Kakanninmu sun san damina na zuwa tun kafin wani ya yi musu bayanin iskar da ke kawo ta.

Wegener bai ga ƙarshen gardamar ba. A 1930 ya jagoranci wani ayari zuwa Girinlan. Suna da wani sansani a tsakiyar ƙanƙara, kilomita 400 daga gaɓa, inda mutum 2 ke jiran guzurin hunturu. Da kansa ya ɗauki kaya a kekunan karnuka ya nufe su, cikin sanyin da ya sa mafi yawan abokan tafiyarsa suka juya. Ya isa. A farkon Nuwamba, yana cika shekara 50, ya kama hanyar komowa tare da wani saurayi ɗan Girinlan, Rasmus Villumsen. A watan Mayu 1931 aka tarar da gawarsa, an rufe ta da kyau cikin ƙanƙara an kafa alama. Villumsen da ya yi masa wannan sutura ba a taɓa ganinsa ba.

Mutum biyu suka riƙe maganar bayansa. Alexander du Toit na Afirka ta Kudu ya je Amurka ta Kudu a 1923, ya ga duwatsun can kamar na gida, ya buga littafinsa kan yawon nahiyoyi a 1937. Arthur Holmes na Ingila kuma, tun wajen 1930, ya kawo shawarar cewa zafin cikin duniya na sa dutsen da ke ƙarƙashin ɓawo ya riƙa juyawa a hankali, mai zafi ya taso, mai sanyi ya nutse, ya ɗauki nahiyoyin a bayansa. Ya kusa da amsar, sai dai babu na'urar da za ta gwada a lokacin.

Ranar da aka leƙa ƙarƙashin teku

Kusan kashi 70 cikin 100 na fuskar duniya ruwa ne, kuma har zuwa yaƙin duniya na biyu kusan duk gardamar a kan tudu ake yin ta. Yaƙin ya kawo na'urorin farautar jiragen ƙarƙashin ruwa: mai aika ƙara ta saurari amsa-kuwwa don auna zurfi, da mai auna ƙarfin maganaɗisu. Bayan yaƙi masana suka gaje su.

A cibiyar Lamont ta jami'ar Columbia akwai wata mata, Marie Tharp. A zamanin ba a barin mata shiga jiragen bincike, don haka maza su je teku su kawo lambobi, ita ta zauna a tebur ta mai da su zane. A 1952 ta lura cewa jerin duwatsun da ya ratsa tsakiyar Atlantika yana da wani dogon kwari a ƙololuwarsa, irin tsagar da ake samu inda ƙasa ke buɗewa. Abokin aikinta Bruce Heezen ya ce zancen ƴan mata ne. Sai da aka ɗora taswirar wuraren girgizar ƙasa a kan zanenta, aka ga ɗigo-ɗigon sun bi kwarin nan sak, sannan ya sallama. Daga baya aka gano jerin duwatsun ya zagaye duniya ta ƙarƙashin tekuna, tsawonsa wajen kilomita 65,000.

Harry Hess na jami'ar Princeton, wanda ya yi kwamandan jirgin ruwa a yaƙin yana barin na'urar auna zurfi a kunne duk inda ya bi, shi ya haɗa zaren a 1962. Ya ce narkakken dutse na fitowa ta tsagar nan ya daskare ya zama sabon ƙasan teku, wanda ke matsawa dama da hagu. A wasu wuraren kuma, inda ake da ramuka masu zurfi kamar gefen tekun Pasifik, tsohon ƙasan tekun na nutsewa ya koma ciki. Da wannan aka amsa sukar Jeffreys: nahiya ba keta ƙasan teku take yi ba, tare suke tafiya, kamar kaya a bayan amalanke.

Saura gwaji. Tun 1906 Bafaranshe Bernard Brunhes ya gano wasu duwatsun aman wuta da maganaɗisunsu ke nuna kudu maimakon arewa. Dalili shi ne maganaɗisun duniya kan juya lokaci-lokaci, na ƙarshe kimanin shekara 780,000 da suka wuce, kuma dutse in yana daskarewa yana riƙe alƙiblar zamaninsa. A 1963 wani ɗalibi ɗan shekara 24 a Cambridge, Fred Vine, da malaminsa Drummond Matthews suka ce in Hess na da gaskiya, dole ƙasan teku ya kasance da ratsi-ratsi kamar saƙi, wannan na nuna arewa wancan kudu, kuma ratsin dama da tsagar ya yi daidai da na hagu. Wani ɗan Kanada, Lawrence Morley, ya kai ga wannan tunani a shekarar, amma mujallu 2 suka ƙi buga takardarsa. A 1966 awon da aka yi a kudancin Pasifik ya nuna ratsin dama da na hagu kamar mutum da hotonsa a madubi. A ƙarshen 1968 jirgin haƙa Glomar Challenger ya huda ƙasan kudancin Atlantika wuri-wuri, aka ga duk nisan da aka yi daga tsagar dutsen na ƙara tsufa. Ƙasan teku mafi tsufa bai kai shekara miliyan 200 ba, alhali a kan tudu akwai duwatsu masu shekara wajen biliyan 4.

Tsakanin 1965 da 1968 Tuzo Wilson, Dan McKenzie, Jason Morgan da Bafaranshe Xavier Le Pichon suka tsara abin ya zama darasin da ke cikin littattafanmu. Le Pichon ya raba fuskar duniya manyan farantai 6 ya lissafa tafiyar kowanne. Jeffreys dai bai yarda ba har ya mutu a 1989.

Rabon Afirka ta Yamma a cikin hujjar

A 1965 Edward Bullard da abokan aikinsa suka ba kwamfuta aikin haɗa gaɓoɓin Atlantika. Ba su bi bakin ruwa ba, sun bi ainihin gefen nahiya, a zurfin wajen mita 900. Afirka da Amurka ta Kudu suka haɗu kamar sakainar ƙwaryar da ta fashe. Cikin ƴan wuraren da suka hau juna akwai bakin kogin Isa a kudancin Najeriya, kuma dalilin a fili yake: laka ce da kogin ya tara bayan rabuwar.

Sai gwajin da ya fi burge ni. A Gana, kusa da Akara, akwai iyaka tsakanin duwatsu iri biyu: na yamma shekararsu wajen miliyan 2,000, na gabas wajen miliyan 600. Patrick Hurley na Amurka da abokan aikinsa na jami'ar São Paulo suka duba taswirar Bullard suka ce, in gaskiya ne, iyakar nan za ta ɓullo a Birazil kusa da birnin São Luís. Suka je suka ɗebo duwatsu suka auna shekarunsu, suka same ta a wurin. An buga sakamakon a 1967. Sun faɗi abin da za a gani tun kafin a gani, kuma da ba a same shi ba, da maganar ta sha ƙasa.

Mu zo gida. A Gadufawa, cikin Tenere gabas da Agadas, masu neman uraniyom suka ci karo da ƙasusuwa a 1964, cikinsu har da ƙoƙon kan wani ƙaton dangin kada. A 1966 France de Broin da Philippe Taquet suka sa masa suna Sarcosuchus imperator. Tsawonsa ya haura mita 9, ya rayu cikin koguna kimanin shekara miliyan 110 da suka wuce. To tun 1867 an tsinci haƙoran wani irinsa a jihar Bahia ta Birazil. A 1977 Eric Buffetaut da Taquet suka gwada su suka ce zuri'a ɗaya ce. A 1981 kuma Buffetaut ya bayyana wani ƙaramin dangin kada daga Gadufawa, wanda aka fara sanin zuri'arsa a yankin Araripe na Birazil. Sunan da ya ba shi Araripesuchus wegeneri, don girmama Wegener. Shekara 50 bayan an tono gawarsa daga ƙanƙara, sunansa ya hau kan ƙashin da aka tono daga rairayin Nijar.

Tsagewar nan ta bar mana wani gado. Lokacin da Afirka ke rabuwa da Amurka ta Kudu, tsagar ta yi rassa zuwa cikin nahiyarmu, ta kwarin Binuwai har gabashin Nijar da Cadi. Rassan ba su kai ga zama teku ba. Sun zama manyan kwaruruka, ruwa ya kwanta, laka da matattun halittu suka taru na miliyoyin shekaru. Ɗaya daga cikinsu shi ne kwarin Termit, inda rijiyoyin Agadem suke. Man da matatar Damagaram ke tacewa tun 2011 daga can yake fitowa.

Abin bai tsaya ba

Yau taurarin ɗan'adam na auna tafiyar farantai kai tsaye. Kudancin Atlantika na buɗewa wajen santimita 3 a shekara, kwatankwacin tsirar farce. Bahar Maliya da alhazanmu ke tsallakawa teku ne jariri, Larabawa na matsawa daga Afirka. A Satumba 2005, a yankin Afar na Habasha, ƙasa ta tsage tsawon kilomita 60 cikin ƴan makonni. Girgizar 6 ga Fabrairu 2023 da ta kashe mutum sama da 50,000 a Turkiyya da Siriya ta auku ne inda farantin Larabawa ke tura na Anatoliya. Ta 8 ga Satumba 2023 a Maroko, da ta ci rai kusan 3,000, a duwatsun Atlas ta faru, inda matsin Afirka da Turai ke aiki. Mu a Maraɗi da Tawa da Damagaram muna tsakiyar faranti, nesa da bakinsa, shi ya sa ƙasarmu ke kwance lafiya.

Game da ƙarfin da ke turawa, wanda ya gagari Wegener, masana yanzu sun fi ba da nauyi ga tsohon ƙasan teku mai sanyi da ke nutsewa yana jan sauran farantin a bayansa, kamar tabarmar da gefenta ya zubo daga kan katanga. Malamai mu kiyaye wuri ɗaya: farantan ba a kan ruwan wuta suke iyo ba. Abin da ke ƙarƙashinsu dutse ne mai zafi da ke malala a hankali ƙwarai, irin yadda kwalta ke yin laushi a watan Afrilu.

Abin da nake roƙo

Ga malamai: darasin nan ba ya buƙatar kayan aiki masu tsada. Kwali da almakashi sun isa yara su yanko Afirka da Amurka ta Kudu su haɗa da hannunsu. Daga nan a tambaye su: wannan ya isa hujja? In sun ce i, a gaya musu masana sun ce a'a, a bar su su nemo me kuma ya kamata a duba. A ba su lissafi: santimita 3 a shekara, sau shekara miliyan 100, kilomita nawa ke nan? Za su sami 3,000, su auna a taswira su ga kusan nisan da ke tsakanin Dakar da gaɓar Birazil ne. Ɗan CM2 zai iya wannan. Wanda ke Yamai ya kai ajinsa gidan tarihi na Boubou Hama su ga ƙasusuwan Gadufawa da idonsu, gani ya kori ji. Ƴan matanmu kuma a ba su labarin Marie Tharp da sunanta.

Ga iyaye: in yaro ya dawo gida ya ce an gaya musu ƙasa na tafiya, kada a ce masa ya rufe baki, kada kuma a ce ya yarda don mushe ne ya faɗa. A tambaye shi: da me aka sani? In ya iya kawo hujja 2, ya fahimci darasin. In bai iya ba, a tura shi ya tambayo.

Akwai kuma gargaɗi. Wasu kan ɗauki tarihin nan su ce ai masana ma sun ƙaryata Wegener, don haka duk wanda aka ƙaryata shi ke da gaskiya. Masu tura mana magungunan ƙarya da labaran ƙanzon kurege a WhatsApp suna son wannan zance. Dariyar da aka yi wa Wegener ba ita ta gaskata shi ba. Ratsin maganaɗisu ne, da duwatsun São Luís, da ƙasusuwan Gadufawa, abubuwan da kowa zai iya zuwa ya auna. Kuma masanan da suka ƙi shi, mafi yawan magadansu sun sauya ra'ayi cikin ƴan shekaru da hujja ta bayyana. Halayen nan biyu nake so yaranmu su ɗauka daga aji: su nemi hujja kafin su yarda, in ta zo kuma kada girman kai ya hana su karɓa.

Allah ya ba mu ikon sauke nauyin yaran da aka ba mu amana.